Ƙaramar Jif ta Iyali: Kafin Ka Tambayi Farashi, Tambayi Tarihinta

Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur, lissafin sayen mota ya canja wa kowane magidanci a ƙasar nan. Litar da ake sha ƙasa da naira 200 ta kai wajen 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta tsallake 1,000. A watan Yunin 2023 aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, dalar da take wajen naira 460 a farashin gwamnati ta wuce 1,500 a farkon 2024. Mota kuwa da dala ake sayo ta, da dala ake ɗoro ta a jirgin ruwa, kuɗin kwastan ma da farashin dala ake lissafa shi.

Sabuwar Toyota RAV4 da ake sayarwa wajen dala 29,000 a Amurka a 2024 ta haura naira miliyan 40 tun ba ta baro can ba, ba a zo maganar jirgi da kwastan da ribar mai sayarwa ba. Mai karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 sai ya tara albashinsa na wajen shekara 50, bai ci ba bai sha ba, kafin ya haɗa wannan kuɗi. Saboda haka idan magidanci ya ce yana shawara tsakanin sabuwa da ta hannu, abin da ke gabansa a zahiri uku ne: 'yar Beljiyam ƙirar Japan ko Koriya da ta shekara takwas zuwa goma sha biyu a hannun Bature, ko sabuwa dal ƙirar China ko haɗin gida, ko kuma wadda wani ɗan ƙasa ya hau yake son rabuwa da ita.

Ra'ayina a nan ba ɓoyayye ba ne. Ga ma'aikaci mai albashi ko ɗan kasuwa mai matsakaicin ƙarfi, ta hannu mai injin da ba a cika masa tarkace ba, wadda aka binciki tarihinta ciki da bai, ita ce ta fi. Amma binciken nan shi ne ginshiƙin maganar. In aka cire shi, ni ma na janye ra'ayina, domin motar hannu da ba a san daga inda ta fito ba tana iya cinye kuɗin mutum, tana iya cinye ran iyalinsa.

Ban ga laifin mai son ƙaramar jif ba. Wanda ke zaune a sabuwar unguwa da ba a kai mata kwalta ba, wanda damina ke mayar wa layi kogi, wanda ke kwasar yara zuwa ƙauye kowace Sallah, yana da hujjar neman mota mai ɗan tsayi da faɗin but. Sai dai a sani, RAV4 da Honda CR-V da Hyundai Tucson da Kia Sportage duk a kan ginin ƙaramar mota aka ɗora su, ba 'yan uwan Hilux ko Land Cruiser ba ne. Tsayin nasu ma ba ɗaya ba ne daga shekara zuwa shekara. RAV4 ta 2006 zuwa 2012 cikinta ya tashi daga ƙasa da wajen santimita 19, ta 2013 ta sauko zuwa kusan 16, wato kaɗan ta ɗara ƙaramar mota, sai ta 2019 ta koma sama da 20. Wanda rami da kwazazzabo suka sa shi neman jif, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashinta tukuna, kada siffar bodi ta ruɗe shi.

To, daga ina waɗannan motoci suke zuwa mana? Wani rahoto da hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a watan Oktoban 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018, Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motocin hannu miliyan 14 zuwa wasu ƙasashe, kashi 40 cikin 100 kuma Afirka suka nufo. Najeriya tana sahun gaba cikin masu karɓa. Muna ce musu 'yan Beljiyam ko 'yan Kwatano, amma jif ɗin da ke cike wuraren sayar da motoci a Kano da Kaduna da Abuja yau, galibinsu daga Amurka da Kanada suke. Da yawa daga cikinsu kuma daga filayen gwanjon kamfanonin Copart da IAA aka sayo su, inda kamfanonin inshora ke zubar da motocin da suka yi hatsari ko ruwa ya cinye, waɗanda aka lissafa aka ga gyaransu a can ya kusa kai kuɗin motar ko ya wuce.

Ba kowace motar gwanjo ce abin gudu ba, wannan gaskiya ce. Kuɗin aikin hannu a Amurka yana da tsada ƙwarai, har ta kai motar da ƙofa da bamba kawai suka lotse ana iya yanke mata hukuncin ba ta gyaruwa. Irin wannan in ta zo Legas ko Kano, mai gyaran bodi da fenta suka yi mata aiki mai kyau, sai ta yi shekaru tana hidima lafiya lau. Matsalar ita ce a filin sayarwa ita da wadda shasinta ya karye aka yi masa walda, da wadda ta kwana uku cikin ruwan gishiri, duk sheƙi ɗaya suke yi. Guguwar Harvey da ta afka wa birnin Houston a 2017 ta nutsar da dubban ɗaruruwan motoci, haka guguwar Ian ta yi ɓarna a jihar Florida a 2022. Waɗannan motoci ba ɓacewa suka yi ba. Wasu an farfasa su, wasu kuma an shanya su, an wanke, an ɗora a jirgi.

Duk wanda ya taɓa shiga filin motoci ya san yadda cinikin ke farawa. Dillali zai tarbe ka da fara'a, ya buɗe ƙofa, ya tayar da injin, ya ƙure sanyin esi. "Alhaji, shiga ka ji. Wallahi wata tsohuwar Baturiya ce ta hau ta, daga gida sai coci. Ko ƙwarzane babu, fentin kamfani ne. Jiya ma wani ya taya, don dai kai namu ne." Mai saye ya zauna a kujerar fata, ƙanshin turaren mota ya buge shi, ya kalli allon rediyo, zuciyarsa ta riga ta biya. A daidai nan ne ya kamata ya ce, "Malam, na gode, amma ba ni lambar shasi tukuna."

Lambar nan, wadda ake kira VIN, haruffa da alƙaluma 17 ce. Tana ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, tana kuma jikin ginshiƙin ƙofar direba, kuma dole su zo ɗaya da wadda ke cikin takardun kwastan. Idan motar daga Amurka ko Kanada take, da wannan lamba kamfanoni irin su Carfax da AutoCheck ke fitar da rahoton tarihinta a kan kuɗi kaɗan: hannu nawa ta bi, ko an taɓa rubuta ta a matsayin wadda ta yi mummunan hatsari ko ta sha ruwa, da nisan tafiyar da aka gani a agogonta a lokuta daban-daban. Sau da yawa ma, in ka rubuta lambar a Google, hotunan motar ranar da aka yi gwanjonta za su fito, ka gan ta da idonka yadda take kafin fenta ya taɓa ta. Abin da wannan bincike zai ci ba komai ba ne idan aka kwatanta da kuɗin motar. Abin da ke damuna shi ne mutum zai ƙirga miliyoyi ya miƙa, amma ya ji nauyin yin wannan ɗan aiki, wai kada dillali ya ga kamar bai yarda da shi ba. Babu rashin kunya a ciki. Mai kaya nagari ba ya tsoron a duba.

Agogon tafiya shi ma ana juya shi. Mota a Amurka takan yi tafiyar sama da mil 10,000 a shekara. In aka nuna maka 'yar shekara goma tana nuna mil 40,000, alhali fatar sitiyari ta goge, robar birki ta cinye, kujerar direba ta lotsa, to agogon ne ke ƙarya. A kuma tuna cewa mil 100,000 wajen kilomita 160,000 ne.

Bayan rahoto sai ido da hanci. Ka je da bakanikenka, ba wanda dillali ya kawo maka ba, ka biya shi ladan wuninsa. A ja bel ɗin kujera har ƙarshensa a ga ko akwai shatin ruwa ko laka a jikinsa. A ɗaga kafet a taɓa soson da ke ƙasa. A fitar da safaya a duba ramin da take kwana, ko akwai yashi ko tsatsa. A haska tocila a ƙarƙashin kujeru, domin ƙarfen da kujera ke gudu a kansa ba kasafai yake tsatsa ba sai in ruwa ya kai wurin. A ɗaga motar sama a duba cikinta, musamman 'yar Kanada ko arewacin Amurka, inda ake watsa gishiri a titi lokacin ƙanƙara, gishirin kuma yana cin ƙarfe. A sa na'urar kwamfuta a karanta abin da injin da giya ke faɗa. A leƙa salansa a ga ko ba a kwashe abin da makanikai ke kira indomi ba, wato matatar hayaƙi, domin ana sace ta saboda tsadarta, rashinta kuma yana rikita injin.

Akwai abu guda da na fi so mai karatu ya riƙe, shi ne fitilar jakar iska. Idan ka murɗa makulli, wannan fitila za ta kama tare da sauran, ta yi 'yan daƙiƙoƙi, sannan ta mutu ita kaɗai. In ba ta kama ba sam, an cire ƙwanta ko an rufe shi. In ta mutu a daidai lokacin da wata fitila ta mutu, kamar ta baƙin mai, akwai yiwuwar an haɗa musu waya ɗaya ne don a ɓoye cewa jakunkunan sun riga sun fashe a hatsarin baya, an cusa tsumma an liƙe. Mutumin da ya yi wannan aika-aika ya sayar wa magidanci, ranar da aka yi karo a hanyar Zariya, da hannunsa a cikin abin da ya samu mutanen da ke ciki.

Ko jakar da ba a taɓa ba ma tana buƙatar tambaya. Kamfanin Takata na Japan ya ƙera jakunkunan iska da sinadarin cikinsu ke lalacewa idan ya daɗe cikin zafi da laima, sai ranar hatsari gwangwanin ya tarwatse ya watsa wa direba ƙarfe a fuska. A Amurka kaɗai an yi kiranyen kusan miliyan 67, kuma sun kashe sama da mutum 20 a can. Honda CR-V daga 2002 zuwa 2011 tana cikin jerin. Motar da ta baro Amurka kafin a canja mata, tana nan tana yawo da abinta a ranar Sakkwato ko damshin Lakwaja. Shafin intanet na hukumar kiyaye haɗurran titi ta Amurka, NHTSA, yana nuna wa kowa kyauta ko akwai kiranyen da ba a yi wa mota ba, da lambar VIN ɗin nan dai.

Sai takardu. Tun 1 ga Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa, sai ta tashar jiragen ruwa. Motar da aka biyo da ita ta daji daga Kwatano ko Maraɗi, komai arhar ta, jami'an kwastan na iya tare ta a hanya da iyalinka a ciki, su sauke ku. A kai takardun ofishin kwastan a tantance kafin a biya. Ga kuma motocin sata: CR-V ce motar da aka fi sacewa a Kanada a 2022, kuma a watan Satumban 2024 hukumar EFCC ta miƙa wa 'yan sandan Kanada motoci 53 da aka sato daga can aka gano su a Najeriya. Waɗanda aka karɓe su daga hannunsu, ba lalle ne duk sun san na sata suka saya ba.

Idan mota ta tsallake wannan duka, sai a zo ga wane iri. A nan ba na bin suna ido rufe, ko da kuwa Toyota ce. RAV4 ta 2006 zuwa 2008 mai injin lita 2.4 ta yi ƙaurin suna wajen shan baƙin mai, kamfanin da kansa ya amince da matsalar. Daga 2009 aka koma injin lita 2.5, wanda ya fi kwanciyar hankali, kuma ta 2013 zuwa 2018 da ta fito daga Amurka giyarta otomatik ce ta gargajiya mai hawa shida, irin wadda makanikanmu suka sani. CR-V ta 2012 zuwa 2014 ita ma haka take, injin lita 2.4 da giya ta gargajiya. Daga 2015 Honda ta koma giyar CVT, daga 2017 kuma ta shigo da ƙaramin injin lita 1.5 mai turbo. Ba cewa nake waɗannan ba su da kyau ba. Suna da ƙarancin shan mai, amma ba sa yafe kuskure. Giyar CVT tana da nata mai na musamman, ranar da yaron gareji ya ɗura mata man giya na gama-gari, ta kama hanyar mutuwa. Nissan ta sha wahalar wannan giya har ta tsawaita garantin motocinta na 2003 zuwa 2010 zuwa shekara 10 ko mil 120,000, don haka mai son Rogue ko X-Trail ya gwada giyar da kyau bayan ta yi zafi. Hyundai da Kia kuwa, injinsu mai suna Theta II ya jawo kiranye mai yawa, har hukumar Amurka ta ci su tarar da ta kai dala miliyan 210 a watan Nuwamban 2020 saboda jinkirin kiranyen. Tucson da Sportage sun fi araha a kasuwarmu, wasunsu kuma lafiyarsu ƙalau, amma sai an tabbatar wane injin ne a ciki kuma me aka yi masa.

Dalilin da ya sa nake karkata ga injin da ba shi da turbo shi ne man da muke sha. Ba a manta da watan Fabrairun 2022 ba, lokacin da aka shigo da fetur mai yawan sinadarin methanol, motoci suka riƙa mutuwa a titi, layukan gidajen mai suka dawo. Ga 'yan bumburutu da jarkokinsu, ga ƙurar hunturu da ke toshe matatar iska. Injin da aka ƙera don tsaftataccen mai da bakanike mai kwamfuta zai wahala a hannunmu fiye da wanda ke da haƙuri. Masu haɗa fetur da batir, irin RAV4 da ta fara fitowa a Amurka a 2016, suna rage shan mai sosai a cikin gari, kuma ina ganin nan gaba can za mu nufa. Amma wanda zai saya yau ya fara sanin wa zai duba masa batirin a garinsu, da nawa ake sayar da wani.

Shekara kuma, ina ba da shawarar kada a sauka ƙasa da 2012 in da hali. Daga motocin wannan shekara ne dokar Amurka ta wajabta na'urar da ke hana mota kwacewa idan direba ya kauce wa wani abu da gudu, wadda Toyota ke kira VSC, Honda kuma VSA. Mota mai tsayi ta fi saurin wuntsilawa, hanyoyinmu kuwa cike suke da abin kaucewa: rami, akuya, ɗan acaɓa, tirelar da ta mutu babu alama. RAV4 da CR-V sun samu na'urar tun kafin dokar, amma a tabbatar tana aiki, fitilarta ba a kunne take ba.

Yanzu bari in yi wa sabuwa adalci, domin tana da hujjoji masu ƙarfi. Babu wanda ya taɓa karo da ita, babu wanda ya juya agogonta, tana da garanti, kuma shekaru uku ko huɗu na farko mai ita ba ya sanin hanyar gareji sai don juyen mai. Kamfanonin China sun shigo da ƙananan jif irin su GAC GS3 da Chery Tiggo da Geely Coolray da Changan CS35, a farashin da ya yi ƙasa da na sabuwar Toyota nesa ba kusa ba, kuma ƙirar China ta yau ba irin ta shekara ashirin baya ba ce. Ga Innoson a Nnewi, ga kamfanin Peugeot na haɗin gwiwa da Ɗangote da ya fara haɗa motoci a Kaduna a 2022. Duk motar da aka haɗa a gida, wani ɗanmu ne ya samu aiki, kuma ƙasar da ta dogara har abada da abin da wasu suka yar ba ta kama hanyar ci gaba ba. Wannan yana raina sosai.

Sai dai garanti yana da sharaɗi: a riƙa kai motar wurin gyaran da kamfani ya amince da shi. Idan kana Gusau ko Damaturu, wurin kuma yana Abuja ko Legas, garantin ya zama takarda kawai. Ranar da ɗan sahu ya fasa maka fitilar baya, za ka same ta a Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Apo a Abuja? Ko sai an yi odar ta ka jira wata biyu? Abin da ya sa Peugeot 504 ta mallaki titunan ƙasar nan bayan an buɗe masana'antar Kaduna a 1975 shi ne kowane gari akwai wanda ya san cikinta, kowace kasuwa akwai kayanta. Yau Toyota da Honda ne ke kan wannan matsayi, shi ya sa ranar da buƙata ta taso, kuɗin makaranta ko na asibiti, mai RAV4 zai samu mai saye cikin mako, mai baƙuwar mota kuwa sai ya karyar.

Kuma kada a ɗauka sabunta ita ce tsaro. A 2020 ƙungiyar Global NCAP ta haɗa karo tsakanin a-kori-kura biyu na Nissan: sabuwar NP300 Hardbody ta 2019 da ake sayarwa a Afirka, da Navara ta hannu ta 2015 da aka ƙera don Turai. Sakamakon ya nuna direban sabuwar ta Afirka da wuya ya tsira da rai, na tsohuwar ta Turai kuwa da alama zai fito da ƙafarsa. Mai sayen sabuwa ya tambayi jakar iska nawa ke cikin wadda za a ba shi, ba wadda ke cikin hoton talla ba, ya kuma tambaya ko tana da na'urar hana kwacewa. Wanda ke da kuɗinsa a hannu, yana zaune a garin da kamfanin ke da wurin gyara, kuma ya yi niyyar riƙe motar shekara bakwai ko takwas, sabuwa ta dace da shi, Allah ya sa alheri. Wanda kuwa sai ya ci bashi zai kai gare ta, ina roƙonsa ya dakata. A watan Nuwamban 2024 Babban Bankin Najeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwa kashi 27.5 cikin 100, na bankunan kasuwanci kuma sama da haka yake. Bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Jaiz da TAJ, suna saya su sayar maka ta hanyar murabaha, wannan ya kawar da damuwar riba ta fuskar addini, amma ribar cinikin tana nan, sai an zauna an lissafa ko albashi zai ɗauka.

Ta uku, wato wadda aka hau a gida, mutane na raina ta, alhali wani lokaci ita ce mafi aminci. Motar abokin aikinka da ka san ranar da ya saye ta, ka san bakanikensa, ka san ba ya wasa da juyen mai, ta fi 'yar Beljiyam da ba ka san komai a kanta ba. Ita ma dai a duba ta kamar yadda aka duba waccan. Ruwa ba a Amurka kaɗai yake cin mota ba, ambaliyar da ta biyo bayan ɓallewar madatsar Alau a watan Satumban 2024 ta nutsar da motoci masu yawa a Maiduguri. A yi takardar ciniki da shaidu, a canja sunan mai mota a hukumance.

Akwai jarabar da ke kama mutane a filin mota, ita ce ganin babbar jif a farashin ƙarama. Ka zo sayen RAV4, sai a nuna maka tsohuwar Lexus RX 350 ko Highlander mai silinda shida, a ce, "Ranka ya daɗe, wannan ce ta dace da girmanka." A gwajin shan mai na gwamnatin Amurka, RAV4 ta 2013 tana shan wajen lita 9 a kilomita 100, RX 350 ta wannan shekara kuwa lita 11 zuwa 12, kuma a cunkoson Kano da esi a kunne duka biyun za su wuce haka. Mai tafiyar kilomita 1,500 a wata zai ƙara kusan lita 40 kowane wata, ban da tsadar taya da shokozoba. Mota kamar doki take, kuɗin sayenta sau ɗaya ne, harawarta kullum ce. Inda babbar mota ke da hujja shi ne yawan iyali. Ƙaramar jif galibi kujerar mutum biyar gare ta, bel biyar. Mai 'ya'ya shida ya nemi Sienna ko wata mai layi uku, ya daina jera yara a but, inda babu bel, kuma nan ne wurin da ke fara lotsewa idan aka daki mota ta baya. Jariri a cinyar uwarsa a kujerar gaba, gaban jakar iska, shi ma ganganci ne da muka saba da shi har muka daina ganinsa. Motocin nan duk suna da ƙugiyoyin ɗaura kujerar yara a baya, a saya a ɗaura. Kuma tun da a gidaje da yawa uwargida ce ke kai yara makaranta da asibiti, a je da ita gwajin tuƙi, ta zauna ta ga ko tana hango gaba da baya sosai.

Kada kuma a ƙarar da kuɗi kaf a kan farashi. Ni dai a ganina, kashi 15 zuwa 20 cikin 100 na abin da aka tanada ya kamata ya tsaya a aljihu. Tayoyin da motar ta zo da su sau da yawa sun tsufa, ko kuma na ƙanƙara ne masu hoton dutse da ƙanƙara a gefe, waɗanda ba a yi su don kwaltar watan Afrilu ba. Alƙaluma huɗu na ƙarshe a lambar gefen taya su ne mako da shekarar da aka yi ta: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Ga juyen baƙin mai da man giya da man birki, ga batir, ga rajista da lamba, ga inshorar dole da ta koma naira 15,000 tun Janairun 2023. Sannan a tsaya a kan bakanike. In ya ce zai cire abin da ke daidaita zafin injin wai don na ƙasar sanyi ne, ko ya haɗa fanka kai tsaye, ko ya cika lagireto da ruwan rijiya, a ce masa a'a. Motoci da yawa sun iso ƙasar nan da lafiyarsu, a gareji aka kashe su.

Maganata ta ƙarshe ga 'yan uwanmu masu sayar da motoci ce, da shugabannin ƙungiyarsu ta AMDON. Da yawanku mutanen kirki ne masu neman halal, kuma kun fi kowa sanin cewa shari'a ta haramta ɓoye aibin kaya, ta kuma ba mai saye damar mayar da abin da aka ɓoye masa aibinsa. Ku sa ya zama ƙa'ida a kowane fili: a liƙa takarda a gilashin kowace mota, ɗauke da lambar VIN, da bayanin ko ta taɓa hatsari ko shan ruwa, da abin da aka gyara mata, da halin da jakunkunan iskarta ke ciki. Mai hatsarin da aka gyara da kyau za ta samu mai saye a farashinta. Kai kuma mai saye, duk filin da aka hana ka lambar shasi, ko aka hana bakanikenka ɗaga mota, ka yi musu sallama ka fita da kuɗinka.